Idan Ofis Ya Ce Akwai "Discrepancy" a Takardarka

Jawabin da kwamitinmu na taimakon cike takardu ya gabatar a taron iyaye da dattawan zango bayan sallar La'asar. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu halarta ba.



Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Magajiya da iyayenmu mata, dattawa, samari da 'yan mata, barkanmu da yamma. Mun gode da kuka bar kasuwa da aikin gida kuka zo, Allah ya saka da alheri.

Duk ranar Asabar muna zama a zauren makarantar nan muna taya mutane cike fom da karanta wasiƙun ofis. A cikin wannan zama akwai kalmar Turanci guda ɗaya da ta fi kowace dawowa hannunmu. Ana rubuta ta discrepancy, ana furta ta kamar diskirefansi. Idan abin ya fi ɗaya sai a rubuta discrepancies. Daga banki take zuwa, daga ofishin fasfo, daga ofishin fansho, daga ofishin jakadanci. A kanta za mu yi magana yau, domin mun ga ta hana wata haƙƙinta, ta hana wani jirgin Makka, ta hana yaro shiga jami'a, alhali mafi yawansu ba su yi laifin komai ba.

Bari mu fara da abin da ya faru da wata uwa tamu, ba za mu faɗi sunanta ba. Mijinta ya yi aikin gadi shekara da shekaru, ana cire masa kuɗin fansho kowane wata. Da Allah ya yi masa rasuwa, ta gama takaba, ta ɗauki takardu ta tafi karɓar abin da ya bari. A fom ɗin da marigayin ya cika tun da daɗewa, an rubuta sunanta irin rubutun da akawunan da suke yi, Ayishetu, aka liƙa mata sunan mijin a baya. A katinta na yanzu kuma Aisha ce, da sunan mahaifinta. Akawu ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce mata akwai diskirefansi, ta koma gida. Ta zo mana tana kuka. Ta ce, "Ni da na yi shekara arba'in a gidansa, yau a ce ba ni ba ce? Maƙaryaciya suka mai da ni?" Muka ce mata, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ba ƙarya ya ce kin yi ba. Cewa ya yi takardu biyun nan ba su yi baki ɗaya ba."

To, wannan ita ce ma'anar kalmar. Diskirefansi shi ne saɓani tsakanin bayani biyu da ya kamata su zama ɗaya. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, daga wata kalma mai nufin amo ya saɓa da amo. Ku ɗauka makaɗa biyu ne a gidan biki, ya kamata gangunansu su tafi tare, sai ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya. Mai ji daga nesa ya san kiɗan bai haɗu ba, amma bai san wanda ya kuskure ba. Haka ma akawun. Da ya ce diskirefansi, bai yanke hukuncin wace takarda ce mai gaskiya ba. Ya dai ce ba zai iya sa hannu ba sai an daidaita su.

Akwai kalmomi uku da mutanenmu ke haɗa su da ita, ya kamata mu rarrabe.

Ta farko difference, wato bambanci. Farashin buhun shinkafa a kasuwar Nima da farashinsa a Tamale ba ɗaya ba ne, wannan bambanci ne kawai, babu wanda ya ce dole su zo ɗaya. Amma idan katin susu da ke hannun Hajiya ya nuna sidi 500, littafin mai karɓar susu ya nuna sidi 450, wannan diskirefansi ne, domin kuɗi ɗaya ne aka rubuta a wuri biyu.

Ta biyu error ko mistake, wato kuskure. Kuskure yana iya zama a takarda ɗaya tak, babu wanda ya lura. Diskirefansi kuwa sai an ajiye abu biyu gefe da gefe yake bayyana. Sau da yawa kuskure ne uwarsa, amma ba kullum ba. Ayishetu da Aisha duka sunanta ne, babu na ƙarya a ciki.

Ta uku ita ce mai nauyi: fraud, forgery ko deception, wato zamba, jabu da yaudara. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta fito a wasiƙa, to zargi ne, sai a nemi lauya. Diskirefansi ba zargi ba ne. Amma ku riƙe wannan da kyau: saɓanin da aka kasa yi wa bayani, ko aka yi masa bayanin ƙarya, shi ne yake rikiɗa ya zama zargi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga 'ya'yanmu masu karanta wa iyaye wasiƙu, ku lura da ƙananan kalmomin da ke rakiyarta. Idan kun ga between bayanta, za a ambaci abu biyu da suka saɓa, misali fasfo da takardar haihuwa. Ku ja layi a ƙarƙashinsu, nan aikin yake. Idan kun ga in bayanta, ana nuna wurin da saɓanin yake ne: a suna, a ranar haihuwa, ko a lissafin kuɗi. Idan an ce minor, suna ganinsa ƙarami. Idan an ce material ko significant, suna nufin ya isa ya canja hukunci. Kada yaro ya ce wa mahaifiyarsa "sun ƙi" kawai ya ajiye takarda. Ya karanta ya faɗa mata mene ne ya saɓa da mene.

Me ya sa wannan abu ya fi damun mutanen zango? Mun lissafa ƙofofi huɗu da yake shigo mana.

Ƙofa ta farko suna. Sunayenmu na Larabci ne, ana rubuta su da haruffan boko, kuma babu hanya ɗaya da aka tsayar. Kowane akawu yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Suna ɗaya sai ya zama Muhammad, Mohammed, Mohamed, Mahama. Abubakar ya zama Abubakari ko Bukari. Ibrahim ya zama Braimah, Yusuf ya zama Issifu, Idris ya zama Iddrisu, Sulaiman ya zama Sulemana ko Sulley, Zainab ta zama Zenabu. Wanda yake da 'yan uwa a Togo, Nijar ko Burkina Faso, can rubutun Faransanci ne: Usman ya koma Ousmane, Abubakar ya koma Boubacar. Ga kuma al'adarmu ta gida. Wanda ya ci sunan kaka ba a kiran sunansa, sai a ce Baba ko Inna. Mai sunan rana a ce Ɗanjuma, Ɗanladi, Talatu, Laraba. Abubakar a ce Garba, Usman a ce Shehu. Yaro ya tafi makaranta, malami ya tambayi sunansa, ya faɗi wanda ake kiransa da shi a gida, shi ke nan ya shiga rajista. Wasu ma Alhaji ko Malam ya shige musu cikin takarda a matsayin suna.

Har yanzu a kan suna, akwai abin da bature ke kira surname, sunan da dukan gida ke ɗauka daga kaka har jika. Mu ba mu gaji wannan ba. Ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, uban ya ɗauki na nasa uban. Saboda haka uba da ɗa sai su tsaya gaban jami'in biza da sunan ƙarshe daban-daban, shi kuma ya ga saɓani a inda mu muke ganin tsari. Wani lokaci kuma sunayen ɗaya ne, jerinsu ne ya juya: na farko ya koma ƙarshe. Ɗan Adam zai gane, kwamfuta ba ta ganewa.

Ƙofa ta biyu ranar haihuwa. Iyayenmu da yawa a gida aka haife su, babu wanda ya rubuta. Da aka zo tambaya sai aka auna da abin da ya faru: girgizar ƙasar Akra ta 1939, husufin rana na 1947, samun 'yancin kai a 1957. Wannan akawu ya ƙiyasta shekara, wancan ya ƙiyasta wata dabam. Shi ya sa za ku ga dattawa da yawa an ba su 1 ga Janairu. Wanda kuma aka rubuta masa a bayan littafi da watan Musulunci, akwai lissafi a ciki. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta boko da wajen kwana 11. Shekara 33 ta Hijira daidai take da wajen 32 ta boko. Dattijon da ya ce shekararsa 66 da lissafin wata, a takardar gwamnati 64 ne, kuma bai yi ƙarya ba. Ga wani tarkon ga masu cike fom ɗin Amurka: mu da Ingila rana muke fara rubutawa sannan wata, su kuwa wata suke farawa. 03/04/1985 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris.

Ƙofa ta uku wurin haihuwa, kuma ita ce mai haɗari. An tambayi dattijo, "Daga ina kake?" Ya ce Kano, ko Sakkwato, ko Gwandu. Shi asalin kakanni yake nufi, domin haka muke amsa wannan tambaya a tsakaninmu. Alhali shi a Salaga aka haife shi, ubansa ma a Kumasi aka yanke masa cibiya. Akawu ya rubuta Kano a layin wurin haihuwa. Bayan shekara talatin jikansa ya je neman fasfo, a ce ya kawo hujjar cewa shi ɗan ƙasa ne. A fom, place of birth garin da aka haife ka ne, hometown kuma garin asali. Layi biyu ne, kada a haɗa su. Mun san abin da ya sa manyanmu ke tsoron wannan tambaya. Akwai a cikinku waɗanda suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da doka ranar 18 ga Nuwamba, ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Gidajen zango da yawa sun watse a lokacin. Wanda ya ga wannan, in ya riƙa amsa tambayar ofis da ɗari-ɗari, ba mu ga laifinsa ba. Amma tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan Gana ne matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Ke nan takardar kaka ita ce garkuwar jika, gyaranta ba aikin banza ba ne.

Ƙofa ta huɗu kuɗi. Mai neman biza ya rubuta cewa sidi 3,000 yake samu a wata, takardar banki kuma ta nuna sidi 60,000 sun shigo dare ɗaya mako biyu kafin ya miƙa fom. Mun san yadda abin yake: ɗan uwa ne ya ba shi, ko susu ya kwasa. Amma in bai yi bayani ba, bai kawo shaida ba, jami'in zai rubuta cewa akwai saɓani tsakanin abin da ya faɗa da abin da banki ya nuna.

Wani zai ce, ai shekara hamsin muke da waɗannan takardu, me ya sa sai yanzu? Amsa ita ce a da kowane ofis da littafinsa, littafi ba ya ganin littafi. Yanzu duk an ɗaure su a igiya ɗaya, wato Katin Gana na hukumar NIA. Daga Afrilu 2021 lambar katin ta zama lambar haraji. A shekarar nan SSNIT ta fara haɗa lambobin fansho da ita, a watan Oktoba kuma aka fara sabunta rajistar layukan waya da katin. Daga 1 ga Yuli 2022 Babban Bankin Gana ya ce da shi za a riƙa hulɗa da banki. Saboda haka saɓanin da ya yi shekaru yana barci a ƙasan akwati, yanzu kwamfuta tana tono shi nan take, ta rufe asusu ko layin momo, ba ta san Alhaji ba, ba ta san Magajiya ba.

To mene ne abin yi? Abu shida muke roƙonku.

Na ɗaya, a wannan makon kowane maigida ya sa a fito da takardun gidan duka a shimfiɗa a tabarma: takardar haihuwa, katin awo na asibiti, Katin Gana, fasfo, katin inshorar lafiya, katin zaɓe, takardun makaranta, na fansho, na banki, na fili. A samu yaro mai karatu ya ja layi huɗu a takarda: suna, jerin suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa. A duba harafi bayan harafi. Mohammed mai m biyu a tsakiya da Mohamed mai m ɗaya, wurin kwamfuta mutum biyu ne.

Na biyu, a tsai da guda ɗaya ta zama uwa, sauran su bi ta. A zaɓi wadda ta fi kusa da gaskiya kuma ta fi tsohuwar shaida a bayanta. Kada a jefar da tsohuwar takarda don ta yage ko ta yi ja. A wannan fage da tsohuwar zuma ake magani: katin awo na jarirai ko rajistar firamare ta fi rantsuwar jiya ƙarfi, musamman a gyaran ranar haihuwa, wanda ya fi gyaran suna wuya.

Na uku, a bi hanyar doka. Akwai takardar rantsuwa da ake yi a gaban mai ikon rantsarwa, mutum ya bayyana cewa wannan suna da wancan duka nasa ne. Canjin suna kuma ana buga shi a Gazet, jaridar gwamnati. Kafin ku kashe ko sisi, ku je ofishin da ya tsai da ku ku tambaya: wane layi ne ya saɓa, kuma wace shaida kuke karɓa? In da hali su rubuta muku. Mun ga wanda ya biya kuɗin Gazet alhali wasiƙa ɗaya daga tsohuwar makarantarsa ake nema.

Na huɗu, jarirai. Jariri yana barin asibiti kafin ranar suna, katinsa na ɗauke da sunan uwa kawai. Ranar suna, bayan an shafa fatiha, a rubuta sunan da Larabci da boko a takarda ɗaya, uba ya ajiye, uwa ta ajiye. Da wannan rubutun za a je ofishin rajistar haihuwa. Rajista kyauta ce kafin yaro ya cika wata 12. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, 'yan makaranta. Sunan da aka tura lokacin rajistar jarrabawar BECE shi ne zai bi yaro zuwa WASSCE har jami'a, kuma gyara bayan takardar sakamako ta fito wahala ce babba. Uba ya je makaranta da kansa, ko ya aika yaya, a duba kafin a tura.

Na shida, masu niyyar Hajji ko Umra ko wata tafiya. Sunan tikitin jirgi ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. A duba tun ranar biyan kuɗi, kada a bari sai an je sansanin alhazai an ɗaure kaya. Masu aikin albashi kuma su je su duba fom ɗin magada na fansho, su tabbatar sunan mata da 'ya'ya ya yi daidai da katunansu na yau. Da mijin Inna ya yi wannan, da bai ɗauke shi wuni ɗaya ba.

Saura abin da muke roƙon kada a yi. A bakin ofisoshi akwai samarin nan da ake ce wa goro bois, masu cewa kawo kuɗi in gyara maka yau-yau. Abin kunya ma, da kalmarmu ta goro aka raɗa musu suna. Sau da yawa gyaransu shi ne su ƙirƙiro sabuwar takarda da sabuwar ranar haihuwa. Ka shiga da saɓani ɗaya, ka fito da uku, ɗaya kuma jabu. Garin neman gira a rasa ido. Haka nan rage wa yaro shekara don ƙwallo ko aikin soja, ko sa ɗan ƙanwa a fom a ce ɗan ciki ne. Mun san tausayi ne ke sa wasu, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Rantsuwar ƙarya laifi ce a dokar ƙasar nan. A Ingila, wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10. A Amurka hanin yana iya zama na har abada. Wanda kuma ya rage shekara biyar don ya samu aiki, ranar da jiki ya gaji takarda za ta ce bai kai 60 ba, ya ci gaba da tashi da asuba.

Idan jami'i ya nuna maka saɓani, kada ka yi fushi, kada kuma ka ƙirƙiri amsa nan take don ka fita kunya. Faɗi abin da ka sani: "Ranka ya daɗe, a gida aka haife ni, shekarar nan ƙiyasi ce." Ko kuma: "Wannan sunan gida ne, wancan na yanka, ga shaidata." Jami'ai sun saba jin irin wannan, kuma akwai hanyar gyara shi. Abin da ba shi da hanyar gyara shi ne a ce yau kaza, gobe kaza.

Inna da muka ba ku labarinta, Alhamdu lillahi ta karɓi haƙƙinta. Amma sai da ta yi wata bakwai tana hawa mota tana sauka, ta yi rantsuwa, ta kai shaidun aure, a lokacin da marayu ke jiran kuɗin makaranta. Ba ma son wata ta sake shan wannan. Ranar Asabar mai zuwa, daga ƙarfe tara na safe zuwa Azahar, muna zauren nan. Ku zo da takardunku na asali a cikin leda, har waɗanda kuke ganin ba su da amfani. Dattawa da iyaye mata za mu fara gani. Ba a biyan komai, kuma abin da muka gani a takardar mutum a nan zai tsaya.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, malamai da lauyoyinmu da ke nan su gyara mana. Allah ya rufa mana asiri, ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.